Shekarar da Na Koyi Kiran Sunan Safiya

Da Sallar bara, muna zaune a falon Zainab bayan an ci an sha, Haruna ya sake tayar da tsohuwar maganar nan tasa. Wai ai kowa ya san Safiya ce 'yar lelen Mama, tunda ita kaɗai aka zaunar a gida aka koya wa karatu, su kuwa aka cusa su a motar makaranta tun majina na zuba a hancinsu. Kowa ya yi dariya, har da ni. Zainab ta ce a'a, tsoro ne, Mama tana gudun kada makarantar Amurka ta ɓata mata 'ya, da ta ga babu abin da ya faru sai ta saki sauran. Safiya kuwa tana ta kwashe kwanuka. Na daɗe ina jin fassarar nan biyu, kuma duk cikinsu babu ta gaskiya. Tunda bakina yana yi mini nauyi a gabanku, bari in rubuta muku yadda aka yi, ku karanta ku huta da ƙirƙira.

Sai na fara da abin da ba ku tashi a cikinsa ba. A gidanmu a Malumfashi uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta ɗora shi a cinya a gaban mutane, in ya faɗi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ce, kara ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ni 'yar fari ce. Inna, wato mahaifiyata, ba ta taɓa furta sunana ba. “Ke” take ce mini, in kuma labarina take bayarwa ta ce “waccan”. Kada ku ji tausayina, don ban tashi kamar marainiya ba. Gidanmu babban gida ne, ƙofa-ƙofa, kowace da tukunyarta. Goggo, yayar babana, ita ta ɗauke ni da aka yaye ni. A ɗakinta nake kwana, ita ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo, kuma tana kiran Binta sau ɗari a yini har in gaji da amsawa. In na zo na ɗaya a aji, Inna ta kau da kai, Goggo kuwa ta zagaye gidan da takardar. Abin da Inna ta riƙe, akwai hannu goma da ke miƙo mini shi.

Na yi shekara tara ina koyar da 'yan aji ɗaya a firamare kafin babanku ya ɗauko ni zuwa Greensboro. Al'adar nan na zo da ita kamar yadda na zo da daddawa da kuka, ban taɓa tsayawa na duba ko za ta zauna a ɗaki biyu da falo, a bene na biyu, bayan titin Wendover ba. Babanku mutumin Kaduna ne, bai ɗauki abin da zafi ba. Yana kiran sunan Safiya, 'yarsa ta fari, yana cilla ta sama yana cafewa, ni kuma in shige kicin don kunya. Sai dai tirela yake ja a lokacin. In ya fita Litinin sai Juma'a, wani lokacin Asabar. Kwana biyar a mako mu uku ne a gidan, ni da Safiya da Zainab mai shekara biyu. Haruna, kai ba a ma san da zuwanka ba. Sunan Zainab kuwa tun safe yake yawo a gidan, Zainab sauko, Zainab zo ki sha, Zainabu-Abu ta Mama. Yayarta tana zaune tana ji. Ina yi mata wanka, ina ba ta abinci a kan kari, kayanta tsaf, ban taɓa barin ta da ƙazanta ba. Ni a ganina babu abin da ta rasa.

Shekarar da za ta cika biyar, wajen watan huɗu, na kai ta makarantar unguwarmu don a rubuta ta a ajin share fage, wanda suke kira kindagatin. Akwai ɗan gwaji da suke yi wa yara kafin a raba su aji-aji. Matar da ta karɓe mu mai fara'a ce, da tabarau rataye a wuya, ba ni da abin da zan ce ta yi mini na rashin kyautawa. Ta zaunar da ni, ta ɗauko fom, tana tambaya tana rubutawa. Da ta zo wani layi sai ta ɗago ta ce in gaya mata abin da 'yata ta fi iyawa.

Na yi abin da kowace uwa ta gidanmu za ta yi. Na yi 'yar dariya, na ce da Turanci ai wannan ba ta iya komai ba sai ɓarna da kallon talabijin.

Ku fahimce ni. Yarinyar nan tana ƙirga har ɗari da Hausa da Turanci, ta haddace Fatiha da ƙananan surori shida, kuma duk allon kantin da muka wuce sai ta karanto harufansa. Matakalar benenmu ma ba ta taɓa hawa ba tare da ta ƙirga ta da ƙarfi ba, taku sha huɗu, kullum ta Allah. Na san duk wannan. Amma a gida in aka tambaye ki ɗanki, kushe shi kike yi, sai mai tambayar ya ce haba, wannan yaron mai kaifin kai, shi ya yi yabon a madadinki. Haka ake yi, don kunya da kuma gudun baki. Na tsaya ina jiran matar ta ce haba. Ba ta ce ba. Ta sa tabarau ta rubuta abin da na faɗa, kalma bayan kalma. Safiya kuwa tana tsaye jikin gwiwata, kuma talabijin ɗin da na ambata ya riga ya koya mata Turanci fiye da yadda na zata.

Da aka kai ta ƙaramin tebur aka zube mata 'yan katakai masu launi, aka ce ta ƙirga, sai ta sunkuyar da kai. Aka nuna mata ja, aka nuna mata kore, shiru. Aka tambaye ta sunanta, shiru. Matar ta dawo ta yi mini bayani cikin lallami, cewa a fara duba kunnenta, kuma akwai wasu gwaje-gwajen da za a ƙara, wataƙila ta fi dacewa da aji na musamman mai ƙarin taimako. Na kai ta asibiti, kunne lafiya lau. Tun daga ranar nan ta daina ƙirga matakala. Na lura, amma na ce miskilanci ne irin na 'yan fari.

Haushi na ji, kuma makarantar na ɗora wa laifin. Ni da na riƙe aji mai yara sittin da alli guda, a ce 'yata ce za a kai ajin masu buƙatar taimako? Na bincika na gano cewa a jihar nan doka ba ta tilasta wa yaro zuwa makaranta sai ya kai bakwai. Na ce wa babanku ni zan koya mata a gida. Ya gama cire takalmi, sannan ya ce ai ni ce malama, shi tuƙi ya sani. Wadda ta yi mini gardama ita ce Hajiya Mariyama, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene, mutuniyar Damagaram, mai kitso a falonta. Ta riƙe haɓa ta ce, lakwal a cikin ɗaki? Haka suke kiran makaranta a wajensu. Wai mutane na tsallako teku don 'ya'yansu su shiga lakwal ɗin ƙasar nan, ni kuma ga ta a bakin ƙofa ina gudunta. Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ashe ni ma ban sani ba.

Abin da ya rage shi ne manhaja, wato tsarin karatun da za a bi da littattafansa. A nan ba gwamnati ke miƙo miki ba, ke za ki zaɓa ki saya. A laburare na haɗu da wata Baturiya, Misis Karol, mai 'ya'ya biyar da duk a gida take koyar da su, can McLeansville inda suke kiwon awaki. Ta gan ni ina jujjuya littattafan yara kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta tambaye ni, na gaya mata. Washegari ta kawo mini kundayen talla masu kauri, kowane kamfani yana cewa nasa ne zai mai da yaro likita. Na baza su a tsakar falo kusan mako uku, ina ja musu layi da jan biro. Akwai kuma wadda wani malami a masallaci ya ba ni, ta wasu 'yan'uwa Musulmi, shafukan da aka yi wa hoto aka ɗinke. Ta yi kyau wajen alifun ba'un da addu'o'i, sai dai wannan a kaina yake, ba sai na saya ba, kuma lissafinta bai taka kara ya karya ba.

Wadda ta cika mini ido ita ce mai babban kwali. A ciki akwai littattafan aiki na shekara guda, da jadawalin kowace rana, da jarrabawa, da faya-fayan bidiyo. Malama ce a cikin faifan, tana tsaye gaban allo da aji na gaske, ita ke koyarwa tun daga gaisuwa har tashi. Aikin uwa ta kunna, ta kashe, ta yi maki.

Misis Karol ta ce kafin in yanke shawara in zo in ga tata. Na je. Ta ɗora mini wata jaka a teburin kicin, cike da littattafan labarai da suka sha hannu, wani ma an tauna gefensa, da littafin jagora guda na uwa. Ta ce 'ya'yanta duk sun wuce wurin, in ɗauka aro. Na buɗe jagoran a darasi na farko. Abin da ya ce shi ne ki zaunar da yaron a cinyarki, ki kira sunansa, ki rubuta sunan da manyan harufa yana kallo, ki karanta masa labari yatsanki na bin layi, in ya yi wani abu daidai ki gaya masa abin da ya yi daidai. Na duba darasi na goma, na duba na hamsin, duk da cinya suke farawa. Na rufe littafin kamar na taɓa murfin tukunya mai zafi. Na ce mata akwai labaran coci a ciki. Ta ce guda huɗu ne kacal, ta zare su nan take ta ɗaure da roba, ta ce in sa namu a gurbinsu. Na ce zan yi shawara da maigida.

Abin da na gaya wa babanku shi ne wannan wasa ne ba karatu ba, babu jarrabawa, babu jadawali, ina aka taɓa karatu a cinya? Na yi maganar da muryar malama har ni kaina na kusa yarda. Gaskiyar ita ce ban ga yadda zan buɗe baki in kira sunan 'yar fari ba, balle in ɗora ta a cinya da rana tsaka in yabe ta ido da ido. Akwai kuma wani dalilin. Na fara wani kwas a kwalejin gari, safiya uku a mako, na samun satifiket ɗin mataimakiyar malama, don in koma aji, abin da raina ke so tun da na zo ƙasar nan. Faifai ana iya kunna shi a falon Hajiya Mariyama ranar da ba na nan. Muka sayi kwalin.

Wayyo, ku zo ku ga tsari. Na sayo ɗan tebur da kujera, na manna jadawali a jikin firij, har riga na ɗinka mata shuɗiya mai farin wuya. Ƙarfe takwas in kunna, ita kuma ta zauna ta harɗe hannu. Tana yin aikin, kuma daidai take yi. In ta gama ta ajiye littafin a gefen tebur, in ɗauka in bi da jan biro, in mayar inda na ɗauka ba tare da na ce komai ba. Na gaya wa kowa manhaja ta karɓe ta. Hajiya Mariyama ce ta fara ce mini, Malama, 'yarki fa tana gaida matar cikin akwatin nan, har durƙusa mata take yi da safe. Muka yi dariya, na ce ai tarbiyya ke nan.

Wata Talata ce, a watan goma, ganyayen bishiyoyin bayan gida sun yi ja. Ina kicin ina yanka kuɓewa, Zainab na barci. Na ji muryar malamar ta ɗauke, alamar darasi ya ƙare. Na ɗauraye hannu na leƙo don in canza faifai. Gilashin talabijin ya koma shuɗi, babu kowa a ciki. Safiya tana tsaye a gabansa, ta ɗaga takarda da hannu biyu ta kara ta kusa da gilashin. Sunanta ne ta rubuta, layi uku, babu wanda ya sa ta, don darasin ranar bai ma kai nan ba. Na tsaya a bakin ƙofa, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Ta daɗe a haka. Da ta ji motsina ta juyo, sai ta mayar da takardar bayanta.

Na ce, “Ke, me kike yi?”

Ta amsa da Turanci, wai jira take malama ta dawo ta gani.

Na ce, “Ba ga ni ba? Kawo in gani.”

Ba ta kawo ba. Ta dubi ƙasa, ta ce da Hausarta mai gargada, “Ke kin ce ban iya komai ba.”

Wata shida ke nan da na faɗi maganar, ni har na manta da ita. Ban yi kuka ba, kun san ni. Na koma kicin na ci gaba da yanka kuɓewa har na yanke wadda ta ishi gidan biki. Amma na ji kunya, kuma ba irin wadda aka koya mini a gida ba ce. A tsaye a wurin na lissafa mutanen da suka taɓa ce wa yarinyar nan ta iya. Akwai babanta, kwana biyu a mako, in bai dawo a gajiye ba. Akwai matar cikin faifai, wadda ke cewa gud job ga duk yaron da ke gaban akwatin, ko ya rubuta ko barci yake yi. Lissafin a nan ya tsaya.

Da la'asar na sauka wajen Hajiya Mariyama na gaya mata. Ita ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, na san wannan, shi ya sa na je. Ta ci gaba da tsaga kan da take yi, ba ta dube ni ba.

Ta ce, “Ni nawa yana Damagaram wajen kakarsa, ya ƙoshi da suna. Ke taki a gabanki take.”

Ita ta tuƙa ni McLeansville ranar Asabar, tana ta mitar warin awaki, muka ɗauko jakar. Kwalin kuma muka bayar ga wasu. Babanku ya ɗan yi ƙorafin cewa jiya na ce wasa ne yau kuma ya zama karatu, na ce masa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, ya ƙyale ni. Kwas ɗin nan dole na ajiye shi, don cinya ba a barin ta a gidan maƙwabta. Na ce shekara ɗaya ce in koma. Sai shekara ta zama biyu, sai cikin Haruna, sai hidima ta yi yawa. Ban koma ba. Aikin da na yi shekara da shekaru a kicin ɗin makaranta, ina zuba wa 'ya'yan mutane abinci ina jiyo malamai ta taga, daga nan ya samo asali. Ya yi mini ciwo, kuma har yau in na tuna yana yi. Na faɗa ne don ku sani, ba don wani ya ɗauki laifi ba.

Kada ku zaci da jakar ta shigo gida komai ya warware. Ranar farko na ce ta zo ta zauna, na nuna cinyata. Ta dube ni kamar na ce ta hau kan firij. Ta zauna a ƙarshen gwiwata a sandare, irin zaman baƙo a gidan surukai. Ta yi nauyi fiye da yadda na zata, don rabon da in ɗauke ta haka tun yaye. Na tsallake layin suna, na karanta labarin wata agwagwa, muka tashi kowa ya huta. Rana ta biyu na rubuta sunan na riƙa nuna harufan ɗaya-ɗaya, ina faɗin kowane shi kaɗai, na ƙi haɗa su. Wayo nake yi wa littafi, ni da girmana. A rana ta uku na kulle ƙofa, na sauke labule, sai ka ce sata zan yi. Na ɗora ta, na buɗe jagoran, na sa yatsa a kan layin. Na yi bisimilla a zuci.

Na ce, “Safiya.”

Muryar ta fito irin ta kiran rajista a aji. Yarinyar nan ƙofa ta fara dubawa, ta ga ko wani ne ya shigo. Da ta ga babu kowa sai ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, “Na'am?” a hankali, kamar mai tambaya.

Muka yi darasi. A tsakiyar labarin na ji bayanta ya saki, ta jingina da ƙirjina. A gurbin littattafai huɗun nan na sa ƙissar Annabi Yunusa da ta Annabi Nuhu, da tatsuniyoyin Goggo waɗanda na rubuta da hannuna a littafin makaranta. Minti ashirin ne darasin, wani lokacin mu kai awa.

Baki in ya saba ba ya tambayar wuri. Bayan kamar wata biyu aka yi suna a gidan wasu 'yan Najeriya a Summerfield, mata cike da falo. Na hango ta za ta taka tiren shinkafa, sai kawai na ƙwala mata kira da sunanta. Wata dattijuwa 'yar garinmu, wadda ta san Inna, ta ajiye cokali ta ce oh, ashe Amurka ta cinye mana ke ma. Aka yi dariya, wasu suka kau da kai don su ji mini kunyar da ni ban ji ba. Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, kuma na san kafin mako ya zagayo ta isa Malumfashi.

Ta isa kuwa. A lokacin da kati ake kiran gida, ki kankare ki danna lambobi masu tsawo, a kira wayar kantin bakin titi a aika a kirawo Inna. Bayan gaisuwa ta ce ta ji wani zance, wai waccan ta zubar da kunya a ƙasar mutane. Ban yi musu ba, ban kuma ba ta dogon labari ba. Na ce haka ne, Inna.

Sai ta ce, “Wa ke kiran sunanta a can?”

Na ce, “Babu kowa, Inna. Sai babanta in yana gari.”

Ta ce, “Babu wata goggo?”

Na ce babu.

Muryar kamfanin katin ta shigo ta ce saura minti ɗaya.

Inna ta ce, “Ke Goggo ta kira miki naki, ina ɗaki ina ji. To, ki kira mata. Amma ki rage murya in da mutane.”

Inna ta rasu bayan shekara huɗu, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa furta sunana ba, ni kuma ban taɓa nema ba. Maganar nan tata ta cewa tana ɗaki tana ji, ita na riƙe.

Suna ya zauna a bakina, amma yabo ya fi shi wuya. Sai in ce “to”, ko “ci gaba”, in wuce layin da jagoran ya ce a yaba. Ana nan, wata rana cikin sanyin watan ɗaya, mun dawo daga kanti, Zainab a bayana, leda a kowane hannu. Hajiya Mariyama na bakin ƙofarta tana sallamar wasu mata biyu da ta gama yi wa kitso. Safiya na gabana a matakala. Sai na ji ƙasa-ƙasa, ɗaya, biyu, uku. Na tsaya cak, ledojin na yanka mini yatsu. Ta ci gaba, muryar na ƙara fitowa, har ta kai sha huɗu. Da ta taka na ƙarshe ba ta nufi ƙofa ba. Ta juyo ta tsaya tana kallona daga sama, tana jira.

Ga mutane a ƙasa, ga maganar Inna a kunnena. Ban rage murya ba.

Na ce, “Safiya, kin iya. Wallahi kin iya.”

Ta ruga cikin gida. Hajiya Mariyama ta ce wa baƙinta su yi haƙuri, lakwal ce a sama.

Da ta cika bakwai na kai ta makaranta da kaina, ta shiga aji biyu, babu wanda ya sake zancen aji na musamman. Zainab da Haruna, ku ban zaunar da ku a gida ba don babu abin da za a gyara. Tun kuna zanen goyo kuke jin sunanku har ya gundure ku, kuma ba ku taɓa yin zane ba tare da kun tura mini shi a hanci ba. Wannan ne lelen da kuke cewa an yi wa wata.

Ke kuma da kika yi ta kwashe kwanuka ranar Sallah kamar ba da ke ake ba, na san kin tuna matar nan mai tabarau, don ba ki manta komai. Shekara ashirin da wani abu ina kiran sunanki, amma ban taɓa komawa kan amsar da na ba ta ba. Ƙarya na yi mata, Safiya. Tun ranar kin iya, kuma na sani. Ki yafe mini.